Amsa: Ganin sanarwar waya a kan kwamfuta

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda saƙonnin WhatsApp da kiran waya za su riƙa fitowa a kwamfutarka mai Ubuntu. Ka saka manhajar KDE Connect a wayarka ta Android, a kwamfutar kuma ka saka GSConnect, wato takwararta da aka yi don GNOME, tsarin fuskar kwamfuta da Ubuntu yake zuwa da shi. Dole su biyun su hau Wi-Fi ɗaya, ko da hotspot ɗin wayar ne. In sun haɗu, ka shiga saitin wayar ka ba manhajar izinin karanta sanarwa. Nan ne mutane da yawa ke makalewa.

In sun ƙi ganin juna, galibi katangar tsaron kwamfutar (firewall) ce ta hana; buɗe ƙofofin sadarwa (ports) masu lamba 1714 zuwa 1764 a saitinta. Ka kuma cire manhajar daga tsarin tanadin batir, in ba haka ba wayar za ta riƙa kashe ta a ɓoye.