Thor na fim daban, Thor na Edda daban

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Thor da Loki na finafinan Marvel haka suke a tatsuniyoyin mutanen Arewacin Turai na dauri. A can Thor ubangijin tsawa ne, Loki kuma mayaudari ne a cikin alloli. Na daɗe ina bibiyar waɗannan labarai, kuma a ganina sunayen kawai aka ara.

Yawancin abin da ya iso mana daga ƙasar Aisland ya fito: littafin Edda da Snorri Sturluson ya rubuta wajajen 1220, da kundin tsofaffin waƙoƙi da aka kwafa wajajen 1270. Shi kansa Snorri Kirista ne, ya yi rubutun ne shekaru kamar 200 bayan ƙasarsa ta karɓi Kiristanci. Thor na Marvel kuwa sai a 1962 ya fito a mujallar zane-zane.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya batun gudumar Thor ne. Fim ya ce sai mai nagarta ke iya ɗaga ta. A asali babu wannan magana. Safar hannu ta ƙarfe Thor ke sawa in zai riƙe ta, kuma ƙotarta gajeriya ce, domin wani ƙuda, wanda ake kyautata zaton Loki ne ya rikiɗa, ya ciji mai zuga a fatar ido ana tsakiyar ƙira. Har sace ta an taɓa yi. Wani ƙato, Thrym, ya ɓoye ta, ya ce ba zai mayar ba sai an aura masa allahiya Freyja. Sai aka yi wa Thor lulluɓin amarya aka kai shi. A wurin walima "amarya" ta cinye sa guda da kifi takwas. Ango ya cika da mamaki, Loki da ya yi shigar kuyanga ya ce ai kwana takwas ba ta ci ba don ɗokin zuwa. Ana ɗora gudumar a cinyarta ya miƙe, ya fara ta kan ango. Wannan Thor mai haɗama da saurin fushi shi manoma suka ƙaunata, kuma ina takaicin yadda aka goge shi tas.

Loki ma ba ɗan riƙon Odin, shugaban alloli, ba ne kamar yadda fim ya nuna, aminin da suka haɗa jini ne. Laufey uwar Loki ce, fim ya mai da ita uba. Hel, mai mulkin duniyar matattu, 'yar Loki ce, amma fim ɗin 2017 ya ba wa Odin ita. A Ragnarok, yaƙin ƙarshen duniya, kuwa kerkeci ne ke haɗiye Odin, Thor ya kashe macijin da ya zagaye duniya, ya yi taku tara, dafi ya kayar da shi matacce.

In za ka karanta, fara da waƙar Thrym, gajeriya ce.