Zane ne kawai a waya, amma ƙafata sai rawa take

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a taimaka min. Akwai wasu zane-zane da nake cin karo dasu a waya, gari a rataye a sararin sama, matakala babu abin riƙewa ta shige cikin gajimare, ga wani ɗan ƙaramin mutum tsaye a bakin rami. Wallahi ina zaune kan gadona amma sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi, cikina ya juya. Dama ni ko gadar sama ta masu ƙafa bana iya hawa. Anya lafiyata ƙalau?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, kwantar da hankalinki, na fahimce ki sosai. Kinga jikin mutum da abu uku yake tsayuwa daidai, ido da cikin kunne da tafin ƙafa, to idan kika hau sama ido sai ya rasa wani abu na kusa da zai kama, shi ne jiri yake ɗibarki. Kuma tsoron nan tun muna rarrafe yake, a 1960 Eleanor Gibson da Richard Walk a jami'ar Cornell ta Amurka sun ɗora jarirai kan gilashi mai kauri da rami a ƙarƙashinsa, uwa na kira daga can ɓangaren amma yawancinsu suka ƙi tsallakawa.

Su kuwa masu zanen da gangan suke yi. Piranesi ɗan Italiya tun wajen 1750 ya zana kurkukun da babu su a duniya, gadoji da matakalai kan matakalai, ba ki san ina ne ƙasa ba balle ki taka. Wancan ɗan mutumin da kika gani a bakin rami ma an saka shi ne don ki auna zurfin da shi, sai ki ji kamar ke ce a wurin. Ni dai ina ganin gwaninta ce, amma ba dole sai kin kalla ba.

Gadar ce ta fi damuna, don mai tsoronta yakan tsallaka titi ta ƙasa cikin motoci, kuma wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ki fara da matakala biyar ke da wadda kika yarda da ita, hannu kan ƙarfe, ido a kan bayanta, ki tsaya har bugun zuciyar ya lafa sannan ki sauko, gobe ki ƙara. Idan kuma jirin na zuwa miki ko a ƙasa kike, to ki je likita ya duba kunnenki.