Laptop ɗina yana tas-tas idan ina sauraron karatu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laptop ɗina mai Windows 10 ne. Duk sanda nake sauraron karatu ko kallon bidiyo, sai sautin ya riƙa tas-tas kamar ana gasa gugguru, wani lokaci har ya sarƙe. Mai gyara ya canza mini lasifika, abin bai daina ba. Ko abin kunne na sa, haka yake yi. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Tunda har abin kunne yana yi, lasifikar ba ta da laifi tun farko, kuɗin canjin nan dai sun tafi. Yi wannan gwajin: kunna "Airplane mode", sannan ka saurari wani karatu da yake ajiye a cikin kwamfutar. In sautin ya washe, to katin Wi-Fi, wato ɓangaren da ke haɗa laptop ɗin da intanet ba waya, shi ne ɓarawon.

Windows yana tura sauti ne guntu-guntu, kowane guntu kusan milisakan 10. Idan direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, ya riƙe furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) ya daɗe, musamman lokacin da katin yake farkawa daga barcin tanadin batir ko yana leƙen wata hanyar sadarwa mai ƙarfi, sai guntun sauti ya makara. Wannan ɗan giɓin ne kunnenka yake ji. Manhajar LatencyMon tana nuna mai laifin. In ka ga ndis.sys, direban Windows mai kula da katunan sadarwa, a saman jerinta, magana ta ƙare.

Gyaran kuwa, danna maɓallin dama na mouse a kan Start, buɗe "Device Manager", shiga "Network adapters", ka danna katin sau biyu. A shafin "Power Management" cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe katin don tanadin wuta. In katin Intel ne, duba shafin "Advanced", mayar da "Roaming Aggressiveness" zuwa "Lowest", "MIMO Power Save Mode" kuma zuwa "No SMPS". Batir zai ɗan fi saurin sauka, amma ni a wurina cinikin ya biya.

In abin kunnenka na Bluetooth ne, ka sani shi da Wi-Fi suna cunkushe a zangon 2.4GHz, sau da yawa ma kati ɗaya ne yake ɗauke da su. Mayar da Wi-Fi ɗinka zuwa zangon 5GHz in na'urarka ta intanet tana da shi. In duk bai yi ba, sauke sabon direban katin daga shafin kamfanin da ya ƙera laptop ɗin, ka sake kunna ta.