Maigidana marubuci ne, ga Kirsimeti ya ƙarato

Tambaya: Maigidana yana tsakiyar rubuta littafi. Bara da Kirsimeti gida ya cika da baƙi, shi kuwa ya kulle kansa a ɗaki, in ya fito sai haɗe rai. 'Yan'uwana suka ce girman kai ne. Bana ba na son a maimaita. Yaya zan yi da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, na daɗe ina aikin tace littattafai, kuma abin da kika gani yawanci tsoro ne, ba girman kai ba. Littafin labari kan kai kalmomi 80,000. Mai rubuta 500 kullum sai ya yi kwana 160 kafin ya kammala zubin farko. Hutun kwana goma ya cinye masa kalmomi 5,000, amma wannan mai sauƙi ne. Babbar asarar ita ce zaren labarin. In ya kwana uku bai leƙa shi ba, muryoyin mutanen da ya ƙirƙira sai su fara dusashewa a kunnensa, ya dawo ya tarar da su kamar baƙi.

Don haka ku yi ciniki tun kafin baƙon farko ya yi sallama. Ki ba shi awa ɗaya da rabi kowace safiya kafin gida ya tashi, ƙofa a rufe. A wannan lokaci ba mai ƙwanƙwasawa ya tambayi cajar waya, ba yaron da za a aika ya ce "Baba, wai ka fito." Katsewar minti ɗaya kan rushe jimlar da ya jima yana ginawa. Shi kuma nasa kason, da zarar lokacin ya cika ya rufe kwamfuta ya fito da sakin fuska, ranakun 25 da 26 ga Disamba kuwa na iyali ne gaba ɗaya. In ana hira kika ga ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta layi biyu, ƙyale shi, yanzu zai dawo.

Sai kuma tambayoyin dangi. "Yaushe littafin zai fito?" ita ce ta fi ciwo, domin bayan kamfanin ɗab'i ya karɓi littafi, shekara ɗaya zuwa biyu yakan ɗauka kafin ya shiga kasuwa, kuma ƙarshen Disamba editoci da yawa suna hutu. Shi ya sa za ki ga yana ta duba imel ba amsa. Kina jin an jefo tambayar, ki tare ta da dariya ki karkata zancen. Haka ma "Nawa ake biyan ka?"

Kyauta kuwa, don Allah kada ki ƙara masa littafin rubutu, na tabbata akwai wasu a durowa da bai buɗe ba. Ki saya masa filas na kwamfuta ya adana kwafin aikinsa, ko ki ja shi yawo da yamma ya miƙe baya, idonsa ya huta da hasken allo.

In kin ba shi lokacin amma har yanzu yana guje wa mutane, barci ya ƙaurace masa, ba ya son cin abinci, abin ya wuce mako biyu, to wannan ya zarce batun littafi. Ki lallaɓa shi ku ga likita.