Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Alƙahira: maganar titi

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma irinsa ne nake samu duk lokacin da aka fara raba guraben karatu na jami'ar Azhar da ke Masar: nawa ne kuɗin haya, shin tallafin da ake bai wa ɗalibai yana isa, shin ana samun garin tuwo, shin mutum zai iya haɗa karatu da ɗan aiki. Duk waɗannan za ka ji amsarsu a bakin ɗalibai tun makonka na farko, kuma farashin kaya a Masar yana sauyawa da saurin da duk adadin da na rubuta maka yau zai tsufa kafin ka sauka. Abin da ya zaunar da ni na rubuta maka doguwar amsa shi ne layin ƙarshe na saƙon, inda ka ce kana tunanin sayen ɗan babur idan ka zo, domin a cewarka wanda ya saba ratsa Bata da Kantin Kwari da yamma babu cunkoson da zai ba shi tsoro.

Ka cire wannan tunani daga ranka tun kana gida. Sabon da ka yi da Kano shi ne zai yaudare ka, domin a Kano cunkoso yana rage wa mota gudu, kuma direban da ya goge ka yakan same ka ne yana tafiyar hawainiya. Alƙahira da kewayenta suna ɗauke da mutane fiye da miliyan 20, kuma manyan titunanta, irin su Salah Salim da titin zobe da suke kira Da'iri, an yi su ne domin mota ta wuce ba tare da ta tsaya ba. A unguwannin Madinatu Nasar da Masar al-Jadida, inda ɗalibanmu suka fi zama ko suka fi bi, an faɗaɗa tituna a wajen 2019 da 2020, aka cire bishiyoyi da filayen da ke tsakiyar hanya, aka gina gadojin sama masu yawa. Masu mota sun ji daɗi. Mai tafiya a ƙasa kuwa ya rasa inda zai tsaya ya numfasa a tsakiyar titi, danja ta yi ƙaranci, motoci kuma suna zuwa sahu biyar ko shida a jere, kowace tana neman ta riga 'yar'uwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara a duniya, cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Kai kana cikin waɗannan shekaru, kuma kana so ka shiga sahun masu babur da ƙafarka.

Tsallaka titi shi ne darasin farko, kuma ban san wani malami da ya taɓa koya wa sabon ɗalibi shi ba. Idan ka tsaya a bakin titin Mustafa Nahhas kana jiran motoci su ƙare, za ka kai magariba a nan, domin kamar mai ƙetare kogi ne da damina, ba ya jiran ruwa ya daina gudu. Abin da mutanen gari suke yi shi ne su shiga titin sahu bayan sahu, da tafiya ɗaya wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Direban Alƙahira ba ya taka birki saboda kai. Lissafi yake yi da idonsa, yana auna inda za ka kai bayan daƙiƙa biyu, sai ya karkata sitiyari ya wuce ta bayanka. Idan ka tsorata ka ruga, ko ka ja da baya, ka ɓata masa lissafi, kuma a nan ne ake buge baƙi. Ka dubi fuskar direban har ka tabbatar ya gan ka. Ka haɗa yatsunka biyar suna kallon sama ka ɗan girgiza hannun, wannan a wurinsu yana nufin a dakata, kuma sau da yawa suna girmama shi fiye da yadda suke girmama farin layin da aka zana a ƙasa. A watanninka na farko kada ka tsallaka kai kaɗai: ka nemi wata dattijuwa mai kwandon cefane ko magidanci mai 'ya'ya, ka tsaya ta gefen da su ne za su kasance tsakaninka da motocin, ka taka inda suka taka. Babu kunya a cikin wannan. Inda duk ka ga gadar masu tafiya a ƙasa ko hanyar ƙarƙashin ƙasa, kamar wadda take tsakanin masallacin Azhar da ɓangaren masallacin Husaini, ka bi ta ko da za ta ƙara maka tafiya, ko da kuwa ka ga samarin gari suna haura shingen ƙarfe suna dirowa cikin titi.

Sannan ka duba hagu da dama ko da titin na hannu ɗaya ne. Masu baburan kai abinci da masu tuktuk, wato irin A Daidaita Sahu ɗinmu, suna bin kishiyar hanya duk lokacin da ta fi musu kusa, kuma da dare wasunsu ba sa kunna fitila. Tuktuk a lungunan Alƙahira yawanci yara ne suke tuƙa shi, wasu gemu bai fito musu ba, kiɗa yana tashi, ƙafa ɗaya tana reto a waje. Ina shigarsa idan hanya ta cikin unguwa ce kuma gajera. Ba na yarda ya hau da ni babban titi.

Abin hawanka na kullum shi ne ƙaramar farar bas da ake kira mikrobas, kuma dole ka koyi zama da ita. Ba ta da allon da zai gaya maka inda ta nufa. Direba ko yaronsa yana ihun sunan unguwa, masu jira kuma suna yi masa alama da hannu: mai zuwa Hayyus Sabi'i, wato Unguwa ta Bakwai, ya ɗaga yatsu biyu kamar lambar bakwai ta Larabci, mai neman Da'iri ya kewaya yatsansa a iska. Kuɗin mota daga baya ake miƙo shi hannu zuwa hannu har ya kai ga direba, shi kuma ya ƙirga canji, ya amsa waya, ya kunna taba, duk yana gudu yana kutsawa tsakanin manyan motoci. Idan za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa", wato direba a tsaya a gefe, ka faɗa da ƙarfi kuma tun da sauran tazara. Sau da yawa ba zai tsaya cak ba, ragewa kawai zai yi, wani lokaci a sahu na biyu ba a bakin titi ba. Kafin ka sauke ƙafa ka leƙa ta dama ka ga ko babur yana tahowa tsakanin motar da gefen hanya. Bayan ka sauka kuma kada ka zagaya ta gaban motar domin ka tsallaka, ka bari ta wuce tukuna ka ga titin da idonka.

Ina nanata wannan ne saboda abin da ya sami wani yaro ɗan ƙasarmu a unguwar Hayyul Ashir, yaro mai natsuwa wanda ya haddace Alƙur'ani tun yana gida. Ya sauka daga mikrobas bayan isha'i, ya zagaya ta gabanta, sai wani babur da ya biyo kishiyar hanya ya kwashe shi, cinyarsa ta karye. Zan faɗi gaskiya a kan mutanen gari: kafin mu iso sun taru, wani ya kawo ruwa, wani ya tuɓe rigarsa ya ɗaure masa ƙafa, wani ya tsayar da mota. Amma a cikin taron nan akwai wanda ya ce, yana dariya, ai laifin yaron ne tunda baƙin mutum ba a ganinsa da dare, kuma wasu suka taya shi dariyar alhali yaron yana kwance yana salati. Daga nan aka fara lallashinmu a yi sulhu, a ce ƙaddara ce, mai babur talaka ne mai iyali. Mu ma mun san ƙaddara, amma abin da ya ɗaure mana hannu shi ne takardar zaman yaron ta ƙare, bai sabunta ba, don haka ya ji tsoron a je wurin 'yan sanda a rubuta rahoto, kuma idan babu rahoto babu wanda za ka bi bashin ko sisi. A asibiti aka ba mu takarda mu je waje mu sayo ƙarfen da za a saka masa da kusoshinsa. Ɗalibai ne suka yi karo-karo, wasu da kuɗin abincinsu na wata. Ni na kwana a kan benci ina fassara tsakaninsa da likitoci. Da gari ya waye danginsa suka kira daga gida, kuma tambayarsu ta farko ita ce me ya sa muka bar shi ya fita da dare. Har aka sallame shi babu wanda ya aiko da ko kwabo, babu kuma wanda ya ce mana sannu. Yaron ya rasa jarrabawar shekarar, kuma har yanzu yana ɗingishi idan sanyi ya shigo.

Saboda haka maganar iƙama, wato takardar izinin zama, maganar titi ce. Ka sabunta ta kafin ta ƙare, ka riƙa yawo da kwafin fasfo da katin makaranta, ka haddace lamba 123 ta motar asibiti da 122 ta 'yan sanda, ka kuma rubuta lambar wani babba daga cikinmu a takarda ka sa a aljihu, domin waya ita ce abin da yake fara fashewa ko ɓacewa. Da dare ka sa tufafi masu haske. Maganar mutumin nan ta yi mini zafi, amma tun daga ranar ban sake fita da baƙar riga bayan magariba ba.

Inda metiro, wato jirgin ƙasa na cikin gari mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, yake zuwa, ka bi metiro. Layinsa na farko an buɗe shi a 1987, kuma shi ne irinsa na farko a Afirka. Layi na uku yana bi ta Abbasiyya da Ataba, wanda zai amfane ka idan an ba ka ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje. Yana cika maƙil da safe, amma ba ya karo da tirela. Ka kula kawai da taragun tsakiya da aka keɓe wa mata, kada ka afka ciki da gaggawa. Idan dare ya yi ko kana da kaya, ka kira mota ta manhajar waya irin su Uber ko inDrive, ko ka tsayar da farar tasi ka tabbatar ya kunna mita. Ka ɗaura bel ko da direban ya kalle ka kamar ka zage shi.

Akwai lokuta biyu da nake so ka ji tsoronsu musamman. Na farko shi ne sa'ar da ke gaban buɗa-baki a watan azumi, lokacin da kowa yake tsere zuwa gida da yunwa da ƙarancin barci, samari kuma suna tsaye a tsakiyar titi suna miƙa dabino da ruwa ta tagogin motocin da ba su tsaya ba. Al'ada ce mai kyau, amma ka kalle ta daga gefe, ka kasance ka isa inda za ka tun bayan la'asar. Da an kira salla titunan suna zama wayam, kuma 'yan motocin da suka rage a lokacin ne suke gudun da ya fi kowanne muni. Na biyu shi ne asubahin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo yake rufe hanyoyin bayan gari irin ta hamada mai zuwa Iskandariyya, har hukuma takan rufe su sai rana ta ɗaga. Idan abokai suka shirya yawon ganin teku suka ce a tashi da asuba a mikrobas domin ya fi araha, ka ce musu za ka bi jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ku haɗu a can.

Kada ka ɗauka ina hana ka zuwa ne. Na shigo garin nan ban iya ko tambayar hanya da harshen kasuwa ba, na bi ta ma'ahad, wato makarantar Azhar ta kafin jami'a, har na gama kulliya, wato karatun digiri, yanzu kuma da wannan Larabcin nake ciyar da iyalina, ina yi wa marasa lafiya da suke zuwa daga Najeriya da Nijar tafinta a asibitoci. Babu unguwar da ban taka ba saboda wannan aiki, kuma duk na yi shi ne a metiro da mikrobas da ƙafata, ban taɓa mallakar babur ba. Waɗanda suke mini kallon matsoraci saboda ina hawa gada maimakon haura shinge, wasunsu ni na raka su ɗakin ɗaukar hoton ƙashi.

Kuɗin da ka ware domin babur ka riƙe shi don iƙama da rigar sanyi da takalmi mai kyau, domin za ka yi tafiyar ƙasa fiye da yadda kake zato. Ka gaya wa Hajiya ina gaishe ta, kuma ta kwantar da hankalinta. Idan tikiti ya fito ka aiko mini da ranar da lambar jirgin, ka kuma zauna a cikin zauren filin jirgi har na zo. Kada ka bi duk wanda ya karɓi jakarka ya ce yana da mota a waje.