Tambaya da Amsa: Shin man goge baki na ganye yana hana ruɓewar haƙori?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara tara ya fara kukan haƙori, da na duba sai na ga ɗan baƙin rami a matauninsa na ƙasa. Wani mai shago ya sayar mini da man goge baki mai kanumfari da dogonyaro, ya ce yana kashe tsutsar haƙori, maƙwabciyata kuma ta ce in riƙa ɗiga masa man kanumfari. Shin waɗannan sun wadatar? Daga wata uwa a unguwar Domayo, Marwa, ƙasar Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya. Da farko dai, babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke haƙa ramin ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, kuma fitacciya a cikinsu ita ce Streptococcus mutans, wadda aka bayyana ta tun a 1924. Waɗannan ƙwayoyi suna zaune ne a cikin farar dauɗar nan mai santsi da ke manne wa haƙori, suna cin sukarin da ya rage a baki, sannan su fitar da ruwa mai tsami wanda yake narkar da ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan har ya huje.

Mai shagon bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Man kanumfari yana ɗauke da sinadarin eugenol, wanda yake kashe ƙwayoyin cuta kuma yake kwantar da zogi, har ma likitocin haƙori sukan kwaɓa shi da wani farin gari su yi cikon wucin gadi. Haka kuma an ga ruwan dogonyaro da na itacen aswaki da man na'ana'a suna hana Streptococcus mutans yaɗuwa idan aka zuba su a kanta cikin faranti a ɗakin gwaji. Sai dai faranti daban, bakin ɗan Adam daban. A faranti man yakan kwana a kan ƙwayoyin, a baki kuwa minti biyu kawai yake yi, yawu ya tsinka shi, a tofar, alhali ƙwayoyin suna lulluɓe a ƙarƙashin dauɗar da ke kāre su.

Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa wajen hana ramin shi ne sinadarin fulorayid, domin shi yana shiga ɓawon haƙorin ne ya ƙarfafa shi, ya kuma taimaka wajen mayar da abin da tsami ya fara zaizayewa. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fulorayid a jerin muhimman magunguna a 2021. Ki juya kwalin man da kika saya, ki nemi kalmar "fluor" ko "fluorure" da adadi tsakanin 1000 da 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fulorayid ɗin da ke cikin man. Idan kin same su, ki ci gaba da amfani da shi, ganyen ba zai rage komai ba. Idan babu, to ƙamshi da sanyin baki ne yawancin abin da kuɗinki suka saya, gara ki canza. Ya goge safe da dare, ya tofar, kada ya kuskure bakin da ruwa nan take. Aswaki kuma kada a yar da shi, sunna ce, kuma yana kankare dauɗa sosai a hannun wanda ya iya bin kowane lungu da shi.

Akwai togaciya ɗaya ga mutanen yankinmu. A wasu ƙauyukan kwarin kogin Mayo Tsanaga da ya ratsa Marwa ruwan rijiya yana da fulorayid fiye da kima, shi ya sa ake ganin yara da haƙora masu dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Wanda gidansa ke shan irin wannan ruwa ya shawarci likita kafin ya zaɓar wa ƙananan yara man goge baki.

Shawarar maƙwabciyarki kuwa ban goyi bayanta ba. Tsantsar man kanumfari yana ƙone dasashi, haɗiye shi kuma haɗari ne ga yaro. Ko da ya kwantar da zogin, ramin yana nan yana ƙara zurfi, domin haƙorin da ya riga ya huje babu man shafawa ko na gogewa da zai toshe shi. Kada ki ce ai na yarinta ne zai fita, saboda matauni na farko na dindindin yakan fito tun yaro yana da kimanin shekara shida, kuma mai yiwuwa shi ne wannan. Ki kai shi wurin likitan haƙori a cike ramin tun bai kai ga jijiya ba. Sannan ki lura da shayi mai sukari da alewa da lemon kwalba da yake sha tsakanin abinci, domin yawan maimaita zaƙi a wuni ya fi yawansa a zama ɗaya ɓarna. Idan kuma kin ga kumatunsa ya kumbura ko zazzaɓi ya rufe shi, ki kai shi asibiti a ranar.