Wata Bakwai A Tsare Ba A Fara Shari'a Ba: Mene Ne Haƙƙin Ƙanena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni mazauniyar Tudun Wada ce a Zariya. An kama ƙanena bisa zargin fashi da makami, majistare ya tura shi gidan gyaran hali, yau wata bakwai ba a fara sauraron ƙara ba. Lauyan da muka ɗauka ya ce ko takardun tuhuma ba a ba shi ba, kuma in ya je ganinsa gandiroba na tsaye a kansu. Ɗakin da suke kwana ma a cike yake maƙil. Haka doka ta ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya kawo mafita. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 36(6) kuma ya wajabta a sanar da shi tuhumar dalla-dalla da harshen da yake ji, a ba shi isasshen lokaci da kayan shirya kare kansa, da lauyan da ya zaɓa, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu.

Ga yadda ake maƙalewa. Majistare ba shi da hurumin shari'ar fashi da makami, Babbar Kotu ce ke da shi. Sai ya ba da umarnin tsarewa, a ce ana jiran shawarar Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a a Kaduna. Sau da yawa fayil ɗin ma bai bar hannun 'yan sanda ba, iyali kuma suna gida suna jiran amsar takardar da ba ta isa ba. Irin wannan ne ya sa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa na farko da kwana 14, sai an dawo gaban alƙali da hujja kafin a sabunta. Jihar Kaduna ma ta yi tata dokar a 2017.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne maganar gandiroba. Mutum ba zai faɗa wa lauyansa gaskiyar inda ya kwana a daren da ake zargi ba alhali ana kasa kunne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 da ake kira Ƙa'idojin Mandela sun ce jami'i na iya hango su, amma kada ya ji abin da suke faɗa, kuma a raba masu jiran shari'a da waɗanda aka yanke wa hukunci. Lauya ya rubuta wa shugaban gidan takardar neman ganawa a keɓe, ya ajiye kwafi. Batun cunkoso da duk wata rashin lafiya a sa su cikin takardar rantsuwa, domin kotu na duba lafiya in ana neman beli.

Zan faɗa miki gaskiya: belin wannan tuhuma yana da wuya, kuma sashe na 35(7) ya cire laifukan da hukuncinsu kisa ne daga sassaucin sakin wanda aka tsare wata biyu ba shari'a. Amma Babbar Kotu na iya ba da beli in an nuna dalili na musamman, jinkiri mai tsawo na cikinsu. Lauya ya bi sawun fayil ɗin a rubuce, ya kuma nemi a sa sunan ƙanenki cikin waɗanda Babban Jojin jiha zai duba in ya kai ziyara gidajen gyaran hali.

Ku ma a gida akwai aikinku. Shaidu suna ƙaura, wasu su manta. Duk wanda ya san inda yaron yake a ranar, ku rubuta sunansa da lambar wayarsa tun yau, ku miƙa wa lauya. In kuɗi sun ƙare, ku nemi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa, ko reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Zariya, ko cibiyar taimakon shari'a ta Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo. Ku tafi da lambar ƙarar da ranar da aka fara kai shi kotu.